Falwaya na tartsatsi, an ce in kashe rediyona

Jiya na je ofishin masu wuta na yankinmu da ƙorafi ɗaya tak, na dawo da takaicin da har yanzu bai sake ni ba.

Ni ke kula da rediyon oba-oba ta 'yan sintirin unguwarmu, irin ta CB mai aiki a kan megahaz 27, wadda direbobin manyan motoci a Amurka suka saba da ita. Karo-karo muka yi muka saye ta bayan 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, kowa ya ga yadda gari ke zama ba baki ba kunne. Uwar tana ɗakina, eriya a kan rufi, ƙananan suna hannun yara. Yanzu in dare ya yi ba ka jin komai sai ƙara kamar ana tuya a tafasasshen mai. Yaro yana kira daga bakin kwalbati, muryarsa ta nutse.

Babu abin da ban yi ba. Na canza wayar eriya, na binne sandar tagulla a ƙasa na haɗa, na sa zoben ferait, masu rage ƙara, a wayoyi, na cire cajojin waya da ƙwayayen fitila masu arha, don su ma suna watsa ƙara. Daga ƙarshe na ɗora rediyon a kan batir, na zare kat-awut ɗin gidan gaba ɗaya. Ƙara na nan. Ke nan daga waje take. Na ɗauki ƙaramar rediyo na bi layin wuta, sai a falwayar da ke kusa da taransfoma ƙarar ta ƙwace. Tangaran ɗin da ke riƙe da waya ya tsage, da dare ido ma yana ganin tartsatsin. Da an ɗauke wuta kuwa, murya tar.

Duk wannan na zayyana wa ma'aikacin. Sa'an ɗana ne, amma ko gaisuwata bai amsa ba, kansa na kan waya. Na ce, "Yallaɓai, falwayarmu ce ke tartsatsi." Bai ɗago ba ya ce, "Baba, kuna da wuta ko ba ku da ita?" Na ce akan kawo. Ya ce, "To me kuma?" Na sake bayani a tsanake, na ce ba rediyo kaɗai ba, wayar nan in ta ci ta tsinke, a kan hanyar 'yan makaranta za ta faɗo. Sai a lokacin ya kalle ni, ya yi dariya, ya juya ga abokin aikinsa: "Ka ji Baba, wai wuta ta hana shi jin rediyo." Sannan ya ce, "Ka kashe ta mana. Ko ku haɗa kuɗin tangaran da na mai, a turo yara."

Mu haɗa kuɗi! Wa ya sayi man taransfoma bara? Wa ya sayi waya da ta ƙone? Mu. Ranar yankan wuta kuwa tsani da mota ba sa ɓata, mai ba ya ƙarewa.

Yaron nan tarbiyyar da ya tarar ce. A 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta, aka ce gyara ya zo. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda aka ce su suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. A Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. Kuɗi na hawa, layuka na ruɓewa a kan kawunanmu. Kasuwa ta cika da inbata da caja marasa inganci, babu mai tare su a kan iyaka. Tsaro gwamnati ta sakar mana, muka ɗauka da aljihunmu da 'ya'yanmu, yanzu tangaran guda ya gagare ta. Mu ma da laifinmu: mutum nawa ke wucewa ta ƙarƙashin falwayar nan kullum, suna ganin wuta na zuba, su ce Allah Ya kyauta su wuce? Sai waya ta kashe ɗan wani sannan a cika ofishin da kuka, a zo da tsani a ranar.