Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma fa shi ma yana cika

A makarantar da nake koyarwa a nan Gadarif, gabashin Sudan, tun da birnin Madani ya faɗa hannun dakarun RSF a watan Disambar 2023 mutane suka gudo nan, azuzuwanmu suka koma ɗakunan kwana, an ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa taga, kowane aji gida biyar ko shida, zani ne kawai aka rataya a tsakani. A tsakar makarantar nan na fara ganin wasan da yara suke kira irtikaz, wato shingen nan da masu bindiga suke kafawa a hanya. Sai su ajiye bulo biyu su gicciya kara, manyan cikinsu su naɗe kai da ɗankwalin uwarsu su riƙe guntun icce, ƙananan kuma su jeru wai su ne fasinja. "Sauko! Ina tarho? Daga ina?" Da Larabci suke wannan ɓangaren, da irin muryar da suka ji an daka wa iyayensu, in an gama kuma su koma Hausa suna ta dariya. Akwai wani yaro da bai wuce shekara bakwai ba, shi kullum direba yake zama, kuma kullum sai an harbe shi, ya faɗi ya miƙe ƙafa ya rufe ido, a tashe shi a sake daga farko. Ranar da uwarsa ta gani da tsumagiya ta bi su tana cewa ku bar mana wannan mugun alkaba'i, wanda muka gani bai ishe mu ba?

A ranar wallahi bayanta na goya. Yau kam ina ganin mu biyun duk mun yi kuskure, kuma dalilin rubutun nan kenan.

Wadda ta sauya min tunani wata matashiya ce 'yar sa kai, ita ma gudun hijirar ne ya kawo ta daga Khartum, ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam. Ba ta hana yaran ba, shiga layin fasinja ta yi ita ma, aka daka mata tsawa ta sauko, aka ƙwace tarhonta na kwali. Sai da ta yi kwanaki a haka sannan wata rana ta tambaye su, to wai in motar nan ta wuce shingen ina za ta? Suka yi tsuru-tsuru. Ashe duk tsawon watannin nan wasan bai taɓa wuce shingen ba, a nan yake farawa a nan yake ƙarewa. Daga ranar aka ƙara masa kasuwa, aka ƙara mai shayi a bakin hanya, aka samu wata yarinya ta ce ita likita ce kuma duk wanda aka harba ita za ta tashe shi, har aka yi gidan kaka a gindin bishiyar darbejiya inda motar take sauke mutane a ba su ruwa. Direban nan namu ya fara isa gida.

Abin da matashiyar nan ta yi yana da suna, kuma sana'a ce da ake karanta ta, jinya ta hanyar wasan kwaikwayo, masu boko a nan suna cewa saikodirama. Wanda aka fi dangantawa da ita wani likita ne, Jacob Moreno, an haife shi a Bukarest a 1889, ya yi karatu a Biyana, kuma abin da ya ja hankalina game da shi shi ne lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya a sansanin 'yan gudun hijira ya yi aiki, irin mutanenmu na yau kenan, kafin ya koma Amurka a 1925. Dabarunsa ba wasu masu wuyar fahimta ba ne. A sa mutum ya tsaya a matsayin wanda suke da matsala da shi ya yi magana da bakinsa. A ajiye kujera babu kowa a kai a ce ga wanda ka rasa nan, faɗa masa abin da ba ka samu faɗa ba. Ko wani ya tsaya a bayanka ya furta abin da yake ganin ya maƙale maka a maƙoshi, in ya yi daidai ka karɓa in bai yi ba ka gyara. Zaman kuma yana da tsari, a fara da wasanni na sakin jiki, a shiga ainihin aikin, a ƙarshe a zauna kowa ya faɗi abin da ya taɓa shi ba tare da yanke wa kowa hukunci ba. A Ingila ma ba a yarda ka kira kanka dramatherapist, wato mai jinya da wasan kwaikwayo, ba sai hukuma ta yi maka rajista.

To me ya sa nake ganin mu musamman ya dace da mu? Lissafin farko kowa zai iya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da ake yaƙi kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, daga damuwa mai tsanani zuwa firgici zuwa abin da ya fi haka, yaƙin nan kuma da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya raba sama da mutum miliyan 10 da gidajensu, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa kuwa, na Tijani al-Mahi a Umdurman da na Taha Ba'ashar a Bahri, duk suna cikin garuruwan da wutar ta fara ci. Ko da a ce kowa ya yarda zai je ya zauna gaban likita shi kaɗai, likitocin ba za su isa ba. Aikin da mutum ɗaya zai yi da mutum goma sha biyar a kan tabarma ba abin rainawa ba ne.

Amma ba ƙarancin likita ne babban dalilina ba. Babban dalilin shi ne mu ba ma faɗa. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mace ta gari ita ce mai haɗiye magana, namiji kuma ko ɗansa aka binne da safe in ka ce ya haƙuri zai ce maka haƙuri sai ma'aiki. Ka ɗauki Bahaushiyar da ko sunan mijinta ba ta faɗa, ko na ɗan farinta, ka zaunar da ita gaban baƙo mai riƙe da biro ka ce ta gaya masa abin da ke ranta, abin da zai samu shi ne kaina ke ciwo, ƙirjina ya yi nauyi, ba na barci, ya rubuta mata Panadol ta tafi. (Har kalmar da ma'aikata suke amfani da ita ta zama matsala, suna cewa sun zo yin da'amun nafsi, wato tallafin kwantar da hankali da Larabci, su kuwa mutanen da suka gudo daga jihar Jazira, inda Madani take, da sun ji da'am gabansu ke faɗuwa, don Da'amu Sari suke tunawa, sunan dakarun RSF da Larabci.) Wasan kwaikwayo yana ba mutum mayafi. Ba ni ba ce, wata mata ce. Kuma da zarar ba ke ba ce, kunya ta saki harshenki.

Na ga wannan da idona a kan gwaggona. Mijinta a hanya ya rasu suna gudu, ciwon suga babu magani, mutanen wani ƙauye da ba ta san sunansu ba suka yi masa sutura. Wata shida ba wanda ya ga hawayenta, sai alhamdulillahi, sai ramewa. Na ja ta zuwa zaman mata da matashiyar nan take yi bayan la'asar, ta ce ita kallo kawai za ta yi, ta samu gefe ta zauna da tasbaharta. Ranar labarin wata mai sayar da kisira, gurasar nan ta Sudan, ake yi wadda ta rasa miji, an ɗora hula a kan kujera an ce shi ne. Wadda take yin matar ta fara koke-koke irin na fim, sai muka ji gwaggo daga gefe ta ce, a'a 'yar nan, ba haka take cewa ba. Aka ce to Inna ya take cewa? Ta tashi ta karɓi mayafin ta yafa, ta tsaya gaban hular nan ta daɗe, sannan ta ce, Malam, ko takalmanka ban ɗauko ba, suna nan bakin ƙofa inda ka cire su. Shi kenan abin da ta ce. Ɗakin nan kaf ba wadda ba ta yi kuka ba. Abin da na lura da shi kuma shi ne matashiyar ba ta bar ta ta tafi a haka ba, ta sa ta cire mayafin ta ninke da hannunta ta mayar wa mai shi, aka sauke hular daga kujera, aka kawo jabana, wato gahawa, aka zauna har sai da hira ta koma kan tsadar albasa.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa min a fuska. Wani dattijo a unguwarmu ya ce 'yata ai wannan bori ne aka sa masa rigar boko. Maganarsa ba ta banza ba ce, don a ƙasar nan zar, wato borin Sudan, da bori sunansu ma a haɗe yake, kuma shi kansa Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan wanda ya rasu a 1970, ya yi nazarin zar, kuma bai wulaƙanta malamai da shehunnan da mutane suke kai wa marasa lafiyarsu ba, aiki ya yi tare da su. Ya gane akwai abin da mata suke samu a can, wurin da za su yi ihu su faɗi buƙatarsu ba a ce sun yi rashin kunya ba. Amma bambancin a fili yake. A bori ana cewa iska ce ta hau ki, ita ke magana, ita ake yi wa yanka. A nan kuwa ba kiɗa ba turare ba wanda ake roƙo, kowa ya san gwaggo ce a tsaye ita ma ta san ita ce, kuma hankalinta a jikinta ta ninke mayafin ta je ta yi alwalar magariba. Zancen cakuɗuwa kuma ba ya tasowa, mata da mata suke yi. Ban ga inda ya hana rubutun sha ko addu'a ba.

Tsorona ba daga malamai yake ba, daga masu kamara yake. Wata ƙungiya da ba zan kama suna ba ta zo makarantarmu kwana ɗaya, da rigunansu masu tambari, suka tara 'yan mata suka ce su kwaikwayi daren da aka shiga gidajensu, aka yi ta ɗaukar hoto, aka raba biskit, kafin la'asar motarsu ta bar gari. Ɗaya daga cikin yaran nan mako guda tana tashi cikin dare da ihu, mu aka bari da ita. Wannan ba jinya ba ce, fama gyambo ne. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a zaunar da wanda ya fito daga bala'i a sa shi ya zayyana duk abin da ya gani a zama ɗaya da sunan sauke nauyi. Wanda ya san aikin ba daga daren yake farawa ba, daga nesa yake zagayowa, da tatsuniya ko da labarin wata can, mai ciwon ne zai matso da kansa in ya shirya, in bai shirya ba a ƙyale shi da kallonsa. Kuma wanda yake jin muryoyi, ko mai farfaɗiya, ko wanda ya fara zancen kashe kansa, wannan likita da magani yake buƙata, duk mai wasan da ya ce zai iya da shi maƙaryaci ne.

Kayan aikin dai muna da su. Ali Mahdi Nuri, ɗan wasan nan na gidan wasan kwaikwayo na Al-Buƙ'a wanda UNESCO ta naɗa jakadan zaman lafiya cikin masu fasaha a 2012, ya daɗe yana kai wasan kwaikwayo yankunan rikici har da Darfur. Akwai waɗanda suka gama Kwalejin Kiɗa da Wasan Kwaikwayo ta Jami'ar Sudan, akwai masu digirin ilimin halayyar ɗan Adam, da yawansu yaƙin ya kai su Kasala da Gadarif da Fot Sudan ba aiki. A haɗa su bibbiyu, a ba su horo na gaske ba na kwana uku ba, a sa wani likita a sama da su da za su riƙa komawa gare shi. Matasan da suka iya riƙe takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, suna ciyar da unguwa guda a cikin wannan masifa ba za su kasa samar da ɗaki da tabarma ba. Mu kuma Hausawa ba baƙin kwaikwayo ba ne, kakata da aka haifa a Mairuno ta sha ba mu labarin tashe da 'yan kama masu kwaikwayon malamai, da wasan gauta inda matan fada suke kwaikwayon sarki da fadawansa, abin da ba mai iya faɗa da baki a faɗe shi da wasa. Abin da nake roƙo kawai a yi shi da Hausa a inda Hausawa suke, don gwaggo da Larabci take cin kasuwa amma da Hausa ta yi wa Malam magana.

Shekaranjiya na wuce ta gindin darbejiya na tarar ana rigima a motar. Direban namu ya ajiye tuƙi, wai shi yanzu kumsari, wato kwandasta, yake so ya zama, don ya lura shi ne mai riƙe kuɗin.