Ba Kowane Kuskuren Lissafi Ba Ne Zamba

Mutane da yawa na ɗauka cewa da zarar masu bincike sun ga rasit ya ɓace ko lissafi bai daidaita ba a shirin musayar ɗalibai, to an kama ɓarawo ke nan. Ba haka ba ne. A shirye-shiryen da Tarayyar Turai ke tallafa wa, irin su Erasmus+, ana bambanta saɓa ƙa'ida da zamba, kuma niyya ce ke raba su.

Jami'in da ya biya ɗalibi kuɗin wata shida alhali biyar ya yi, saboda kuskuren kwanan wata, ya saɓa ƙa'ida, kuma za a nemi a mayar da rarar. Wanda kuwa ya ƙirƙiro sunan ɗalibin da bai taɓa tafiya ba, ya sa hannu ya karɓi kuɗin, ya yi zamba.

Haɗa su wuri ɗaya na damuna, domin ma'aikaci mai gaskiya zai ɓoye kuskurensa don tsoro, har abin ya girma. Ko ofishin OLAF na Tarayyar Turai, da aka kafa a 1999 don binciken irin wannan zambar, ba ya yanke hukunci. Shawara yake miƙa wa hukumomin da abin ya shafa.