Mutumin da bai taɓa cin bashi ba

Kafin in bar Kano zuwa Kanada babu abin da ban lissafa ba. Injiniya ne ni, shekara tara ina auna siminti da rodi, don haka na buɗe kwamfuta na jera komai: kuɗin jarrabawar Turanci ta IELTS, kuɗin tantance takardun digiri, tikiti, hayar wata uku, har sabulun wanka. Hukumar shige da ficensu tana so ta ga kuɗi kwance a asusunka, a 2023 mutum ɗaya dalar Kanada 13,757, kuma ba a karɓar na aro. Na sayar da mota da ɗan filina, na haɗa su cif a naira. Sai ga watan Yuni, gwamnati ta saki naira, dalar Amurka ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura ɗari bakwai a banki. Na kwanta da cikakken lissafi, na wayi gari da giɓi. Baba ne ya sayar da shanunsa biyu ya cike min, kyauta, ya kuma maimaita huɗubar da muka taso muna ji: "A gidan nan ba a cin bashi. Ko na gishiri."

Na sauka Toronto a Janairun 2024 da akwati biyu, kowanne kilo 23. Rabin ɗaya kuka ce da kuɓewa da daddawa da yaji, sai kilishi mai kyau da Inna ta sa aka yi min takanas. Wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna kusa da akwatin yana kallona, kamar mun san juna tun Fagge. Allah ya taimake ni na riga na shaida wa na'urarsu cewa ina ɗauke da abinci, don tarar ɓoyewa tana kaiwa dala 1,300. Jami'ar ta ɗaga kilishin da safar hannu ta tambayi ko mene ne. Na ce ai ya bushe, ya daina zama nama. Ta yi murmushi ta jefa shi a kwandon shara. Daddawar kuwa, da ta shinshina, cikin hanzari ta mayar min da abata.

Rigar sanyin da na saya a Ƙofar Wambai, wadda mai gwanjon ya rantse daga Rasha ta zo, ta yi aiki daga ƙofar filin jirgi zuwa bakin titi. Washegari na shiga kanti na ɗauki wata da aka rubuta 199. Na ƙirga kuɗina daidai na miƙa, yarinyar ta ce 224.87. Na ce 'yar nan, duba takardar da kyau. Ashe a Ontariyo, lardin da Toronto take, harajin kashi 13 cikin ɗari ba ya cikin farashin da ke jiki, sai ka zo biya yake fitowa kamar ɗan sane. Na so in taya, sai na ga layin da ke bayana.

Wanda ya ba ni masauki wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, ya daɗe yana tuƙin tasi a garin, kowa Kawu yake ce masa. Ya ce in zauna a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa har in sami wuri. Na ce mako ɗaya ya ishe ni, ai da kuɗina na zo. Kawu bai ce komai ba, ya ci gaba da shan shayinsa.

Mai gidan farko da na je wurinsa ya karɓe ni da fara'a. Na nuna masa takardar banki, na ce ga kuɗin watan farko da na ƙarshe kamar yadda dokar can ta tanada. Ya ce madalla, saura takardar wurin aiki da makin bashi. Na miƙe ƙafa na gyara zama, don a nan ne nake da abin alfahari. Na ce masa ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa cin bashin kowa ba, haka ubana, haka kakana. Na zaci zai tashi ya ba ni hannu. Sai na ga fuskarsa ta canza kamar na ce masa daga kurkuku na fito. Ya ce zai kira ni. Har yau ina jira.

Gida huɗu ana yi min haka kafin in kai ƙara wurin Kawu.

"Kawu, mutanen nan lafiyarsu ƙalau? Mai gaskiya suke gudu?"

"Ɗana, ba su san kai mai gaskiya ba ne. A gida mai unguwa ya san ubanka, liman ya san kakanka. A nan Equifax da TransUnion ne masu unguwa. Suna ba kowa maki daga 300 zuwa 900, gwargwadon yadda ya ci bashi ya biya. Kai ko sunanka babu a littafin."

"To kuɗin ruwa fa, Kawu?"

"Ka karɓi katin bashi na banki, ka sayi abin da dama za ka saya, ka biya duka kafin wa'adi. Suna ba da aƙalla kwana 21. Ko sisi ba za ta hau kanka ba. Ba ka ji an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa ba? To nan har auna hanjin suke yi."

Mako ɗayan nan sai da ya zama wata huɗu. A ciki na gane cewa ko sunan injiniya ba zan amsa ba sai na sami lasisin lardin, don haka na kama aikin jera kwalaye a wani sito da dare, ina duba ginshiƙan rufin ina gano kurakuran da ba wanda ya tambaye ni. Ranar da katin ya iso na tafi kanti gabana na faɗuwa, na sayi burodi ɗaya, na fito waje na tsaya cikin ƙanƙara na biya bashin ta waya tun burodin bai san an saye shi ba.

Kuskurena ɗaya, na ba Baba labari ranar Juma'a.

"Bashi ka ci?"

"Baba, na dala huɗu ne, kuma na biya."

"Ina kuɗin shanuna?"

"Suna nan, Baba. Dole ce ta sa, sai da bashi ake yarda da mutum a nan."

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can na jiyo shi yana ƙwala wa Inna kira, yana cewa ta zo ta ji, yaron nan ko burodi ya gagare shi, a nemo dillali gobe a kai jan bijimin kasuwar Wudil.