Injin ban ruwana ya buga, bakanike ya naɗa ni Alhaji

Injin ban ruwa ba ya mutuwa ranar da manomi ke da kuɗi a aljihu. Nawa, irin ƙaramin nan mai ƙarfin doki 5.5 da bakin tiyo inci 2, ya zaɓi tsakiyar Fabrairu, albasa na tsaka da yin kai. Ya yi tari, ya saki wata ƙara kamar an zuba cokula a tukunyar ƙarfe, ya yi tsit. Nan take rabin mutanen fadama suka zama kanikawa. Wannan ya ce filogi ne, wancan ya ce man 'yan bumburutu ne, wani dattijo kuma ya rantse baki ne, tunda albasata ta fi ta kowa kore.

Da bakanike na gaske ya iso, bai saurari kowa ba. Ya ja igiya, ta ƙi motsi. Ya kwance filogi ya sake ja, ko gezau. Ya ce da ta juya, da yatsa zai ɗora a ramin filogin: in iska ta ture yatsan, fistin da ringi na da rai, sai a koma neman wuta. A jingina filogin a jikin injin a ga ko yana tartsatsi, a duba tazarar bakinsa, milimita 0.7 zuwa 0.8, sannan a wanke kafireta. Duk wannan aikin kuɗin goro ne. Sauran fata ɗaya ta rage mana, wato a ce tsakuwa ce ta maƙale a fankar famfo, domin ita ma tana riƙe inji ƙam. Ya raba famfon da injin. Fanka lafiya lau, injin kuwa yana nan a ƙame.

Sai ya tsiyaye baƙin mai. Cikin injin nan lita 0.6 yake ci, amma abin da ya fito bai cika kofin shayi ba, ga shi yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe. Ya laluba gefe ya zaro wata 'yar waya a yanke, an naɗe ta da leda. Ita ce wayar da ke kashe injin idan mai ya yi ƙasa. Bara injin ya dinga mutuwa saboda an girke shi a karkace a bakin rijiya, mai ya taru gefe guda, sai wani gwani ya datse wayar, ya karɓi kuɗinsa, ya ce min daga yau ya daina ƙorafi. Bai yi ƙarya ba, har ya mutu bai sake cewa uffan ba. Maganin a lokacin katako ne kawai a shimfiɗa masa ya zauna daidai.

Aka buɗe ciki. A irin wannan inji, sandar fistin ta alminiyam ce, kuma kai tsaye take juyawa a kan karankishaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa, babu komai tsakaninsu sai mai. Da man ya ƙafe, ta narke ta manne. Ya sa farcena a bangon silinda, mai faɗin milimita 68, farcen ya dinga tuntuɓe da zane.

"Malam, ba abin damuwa ba ne," in ji shi. Ya fara lissafi: sandar fistin, karankishaf, fistin da ringi, gaskit, sil biyu masu hana yoyo, kuɗin kai silinda a rarake ta a sa fistin mai ƙarin faɗin milimita 0.25 ko 0.50, ga kuɗin hannu. Yana kaiwa ƙarshe ya gyara tsayuwa. "Alhaji, wannan tsohon ƙarfe ne, yanzu ba a yin irinsa." Ban taɓa taka ko filin jirgi ba, amma lissafin ya kai ni Makka. Na haɗa, ya haura rabin kuɗin sabo, ga kwanakin da za a ɗauka, albasa kuwa ba ta san uzuri ba.

Ni dai ga inda nake ja layi. Shuɗin hayaƙi da cin mai, ringi ne, a gyara. Baƙin hayaƙi, a duba matatar iska da cok da kafireta. Rashin wuta, filogi ko koyil. Wuyar tashi, a saita tazarar bawul, na shiga milimita 0.15, na fita 0.20. Amma idan karankishaf da silinda suka tafi tare, duk abin da za a haɗa maka sabon inji ne a tsohuwar riga, da kayan da ba ka san ingancinsu ba.

Abin da na yi shi ne sayen sabon inji kaɗai ba famfo a Kano, na mayar da tsohon famfona. A nan a kula da bakin shaf, wato ƙarfen da ya leƙo daga injin yana juyawa: na famfo mai zare ne, fanka ke ɗauruwa a kai, na injin markaɗe kuma mai tsagar makulli ne, ba za su shiga juna ba. Mai shagon ya nuna min kala uku masu farashi uku, ya rantse kowanne orijina ne. Ya so ya haɗa min da kafiretar gas, wadda manoma da yawa suka koma wa tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, na ce sai an sayar da albasa. Na dai sayi sabon sil na famfo, tunda an riga an buɗe.

Sabon inji ba mai a cikinsa yake zuwa, sai ka zuba. A juye na farkon bayan awa 20, daga nan a lokacin ƙurar hunturu ina juyewa duk awa 50. A cika famfo da ruwa kafin a ja igiya, in ba haka ba sil zai ƙone.

Gangar jikin tsohon, ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli ya ba ni abin da ya sayi man canjin farko. Kafireta da koyil kuwa bakanike ya ce in bar masa ajiya, kada su ɓata a gida. Ranar Juma'a na gan su a jikin injin maƙwabcina, suna aiki kamar ba su taɓa sanina ba.