Gidan kakanku ba kuɗin mota ba ne

Jiya da la'asar na ratsa wani lungu a cikin birnin Kano, na tarar da katafila tana cin wani tsohon gida. Gidan wani attajiri ne da ya daɗe da rasuwa, mutumin da ya fara da tallan goro a faranti. Rabin soron ya zube, azarori sun fito waje kamar haƙarƙari. Tsohuwar ƙofar katakon nan mai ƙusoshi an jingine ta da bango, mai itace yana taya ta. Jikokinsa uku na tsaye a gefe, ɗaya har yana ɗaukar bidiyo yana dariya. Wani dattijon maƙwabci ya shaida mini cewa sayarwa suka yi za a gina shaguna, kuma tun kuɗin bai shigo ba babbansu ya zaɓi motar da zai hau. Wallahi na kasa cin abincin dare.

'Yan uwana matasa, me gidajen iyayenmu suka yi mana? Da zarar an yi sadakar bakwai, sai ka ji an kira dillali. Na san gado haƙƙi ne, Allah ne Ya raba shi, kuma akwai marayu da zawarawan da dole ce ke sa su sayarwa. Ba da su nake ba. Ina magana ne da ƙato mai lafiya wanda bai taɓa ɗora bulo ɗaya a kan wani ba, amma shi ne kan gaba wajen cewa a sayar a ba shi nasa.

Ku dubi Alhassan Ɗantata. A Bebeji aka haife shi a 1877, cikin Agalawa 'yan fatauci. Yana ƙaramin yaro mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa ta tafi Akara, babban birnin Gana na yau, aka bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda sunanta ya bi shi har yau. A Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 har kama shi aka yi. Wannan yaron ne ya riƙa bin hanyar Gwanja, daga baya ya gane cewa ɗoro goro a jirgin ruwa zuwa Legas ya fi sauri. Da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano wajen 1912, ya shiga sayen gyaɗa. A 1929, da aka buɗe bankin Turawa a Kano, kuɗin azurfarsa raƙuma 20 ne suka kai. Da ya samu, me ya yi? Ya kafa gida a unguwar Sarari, gefen Ƙoƙi a birnin Kano, ya tara iyali da barori da abokan ciniki a kusa da shi. A wannan gidan aka binne shi da ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955.

'Ya'yansa ba su kira dillali ba. Sanusi ya riƙe kasuwa, Aminu ya riƙe har Allah Ya karɓi ransa a 2025. Aliko Ɗangote ma ta wajen mahaifiyarsa Hajiya Mariya, 'yar Sanusi, daga wannan tsatson ya fito. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka muka taso muna ji. To mu me ya same mu da muke rarrafe, har muna sayar da ƙasar da muke rarrafen a kanta?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin gidan gado ba ya shekara biyu a hannun wanda bai san zafin nemansa ba. Na ga wanda ya karɓi kasonsa ya yi biki na kwana biyar, dina daban, kamu daban, yau yana haya ɗaki ɗaya a bayan gari, amaryar ma ta tafi. Na ga wanda cacar ƙwallo ta waya ta cinye nasa, wannan masifar da ta shiga aljihun yaranmu ba sallama. Kada ma a zo maganar masu kwana a TikTok suna nuna makullin mota, uwarsu kuwa an kwashe ta daga ɗakin da ta yi shekara arba'in a ciki an kai ta inda ba ta san kowa ba. Haba jama'a! Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, balle wanda ya sa aka rushe.

Ku ji tsoron Allah, ku zauna da manyanku ku yi shawara, ku nemi na kanku. Kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma gadon bai tsaya kan takardar fili ba, har da sammako da haƙuri da riƙon amana.

A da soron attajiri makaranta ce. Nan yaro ke koyon lissafi da gaisuwa, nan ake sasanta rigima, nan baƙo ke sauka a kawo masa tuwo ba a tambayi sunansa ba. Almajirin unguwa ya san ƙofar da zai tsaya. Mutum kan ji kunyar a ce a zamaninsa gidansu ya fita daga hannun dangi. Dattijon nan na jiya ya nuna mini wani gurbi a cikin ɓaraguzan, ya ce nan marigayin yake zama yana rabon zakka, sai ya juya fuska yana share ido da bakin rawaninsa.