Ba Tsakiyar Teku Ce Kaɗai Ke Cin Jirgi Ba

A wata majalisa a Daura aka ji ɗan maƙwabcinmu ya samu gurbi a makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron, a jihar Akwa Ibom. Wani dattijo ya ce, "Allah ya tsare shi daga tsakiyar teku, in an hango gaɓa ai an tsira." Na sha jin wannan maganar har ta fara damuna, ko da yake ba laifin Baba ba ne. Mu nan ruwan da muka sani irin na dam ɗin Sabke ne, wanda ya kai baki ya kuɓuta.

Ga babban jirgin kaya abin ba haka yake ba. A tsakiyar teku akwai zurfi, akwai fili. Kusa da gaɓa kuwa ga duwatsu ɓoye a ƙarƙashin ruwa, ga tudun yashi mai sauya wuri, ruwa na cika yana janyewa, ga cunkoson jirage. Jirgin kuma ba shi da birki irin na mota, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. A Janairun 2012 jirgin fasinja Costa Concordia ya daki dutse dab da tsibirin Giglio a Italiya, mutum 32 suka rasu, alhali ga gari nan ana hange.

Shi ya sa ba a barin kowa ya ja ragamar jirgi da sabo kawai. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan horar da ma'aikatan jirgin ruwa, wato STCW ta 1978, ta wajabta wa jami'in jirgi karatu, da watanni na aiki a teku, da jarrabawa kafin a ba shi takardar shaida. A Nijeriya hukumar kula da sufurin jiragen ruwa, NIMASA, ke bayarwa. Duk da haka, in za a shiga tashar Apapa sai ɗan gari masanin hanyar ruwan ya hau ya yi wa kyaftin jagora.