Fatoman Aksaray

Alhaji Bakano ɗan Kantin Kwari ya saba sauka a otal duk zuwansa Istanbul saro kaya. Wannan karon ya haɗa hanya da Malam Bazazzagi, wanda ya ce a bar masa komai, zai kama musu gida sukutum ta waya, na kwana 5, kuma ya fi otal araha. Da jin kalmar araha Alhaji ya miƙa wuya. Ga su nan da jakunkuna huɗu a ƙofar wani tsohon bene a unguwar Aksaray.

BAKANO: Salamu alaikum! Salamu alaikum masu gida! Malam, sallama ta uku ke nan. Kango ka kama mana?

BAZAZZAGI: Alhaji, rage murya, kada ka tara mana jama'a. Mai gidan yana Izmir. Har mu tafi ba za mu sa shi a ido ba.

BAKANO: Mai masauki ba ya gari? To wa zai kawo ruwan baƙo? Kakana da yake fataucin goro a Gwanja, fatoma ne ke tarbarsa, ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya nemo masa mai saye.

BAZAZZAGI: Wancan zamanin jakuna ne. Ka ga ɗan akwatin nan a jikin bango? Shi ne fatomanka. Lamba huɗu za a danna, mukulli ya fito.

BAKANO: To danna.

BAZAZZAGI: Lambar tana cikin saƙo.

BAKANO: Buɗe saƙon.

BAZAZZAGI: Saƙon sai da intanet.

BAKANO: Ina intanet ɗin?

BAZAZZAGI: Yana cikin gidan. An ce lambar sirrinsa tana manne a ƙofar firji.

BAKANO: Allahu Akbar. Zariya birnin ilimi!

(Sai da suka sha shayi kofi uku-uku a shagon maƙwabta kafin mai shagon ya jona su da nasa intanet ɗin. Alhaji ne ya biya, kuma ya rubuta a littafi.)

BAKANO: Ka ce hawa na huɗu. Na ƙirga huɗu, ga wani benen a gabana.

BAZAZZAGI: Su ba sa ƙirga na ƙasa. Huɗunsu biyar ɗinka ne.

BAKANO: Kai, an ɗauke wuta! Ashe su ma ana yi musu!

BAZAZZAGI: Ba ɗaukewa aka yi ba, fitilar motsi take gani. Ɗaga hannu ka kaɗa.

BAKANO: Da wane hannun? Wannan garin masara, wannan kuka da daddawa. Kai da ba ka ɗauko komai ba sai littafi, wuce gaba ka riƙa kaɗa musu kamar mai neman kansila.

(Cikin gida.)

BAKANO: Falon da na gani a hoto ya isa a ɗaura aure. Wannan ko ragon suna ba zai juya ba. Ina tekun da ka ce ana hangowa?

BAZAZZAGI: Shiga kicin, ka taka kujera, ka leƙa hagu. Tsakanin benen can da tankin ruwa, ka ga wani shuɗi-shuɗi? Tekun Marmara ke nan.

BAKANO: Wannan ai shanyar wani ce.

BAZAZZAGI: Ƙasa da shanyar.

BAKANO: Bar teku, kawo lissafi. Dala 40 sau 5, 200. Me ya kawo 290?

BAZAZZAGI: Dala 40 la'adar masu manhaja ce, 50 kuma kuɗin shara.

BAKANO: Dala 50! Ba ni tsintsiya, ni zan yi musu a 20.

BAZAZZAGI: Ai za ka yi ɗin ma, kyauta. Ga takardar dokoki: kafin a fita a wanke kwanuka, a sauke shara ƙasa, a bar gida ƙarfe 11 na safe. Ba hayaniya bayan 10 na dare. Ba baƙi.

BAKANO: Na biya kuɗin shara, kuma ni ne mai sharar. Malam, wannan sana'ar ta fi atamfa. Matsa in yi La'asar.

BAZAZZAGI: Ina ka dosa? Nan ba Fagge ba ce. Daga nan Makka tana kudu maso gabas. Yadda ka tsaya ɗin nan, Sin kake kallo.

BAKANO: Can ma ina da kwantena a hanya, amma juya ni.

(Kwana biyu bayan nan. Malam ya dawo daga ziyarar masallacin Sultan Ahmad, ya tarar da takalma jere a bakin ƙofa, ƙamshin daddawa ya sauko har hawa na biyu.)

BAZAZZAGI: Alhaji! Su wane ne waɗannan kwance a falo?

BAKANO: 'Yan uwa ne. Na gamu da su a Laleli suna kukan tsadar otal. Mutum bakwai ne kacal. Dala 10 kowa a kowane dare, har da tuwon dare.

BAZAZZAGI: Akwai mutum a gadona!

BAKANO: Shi 15 ya biya.

BAZAZZAGI: Ka san abin da ka yi? Mutum biyu na rubuta, fasfo biyu na tura, su mai gida ya kai wa 'yan sanda. Tun Janairun 2024 dokar ƙasar nan ta ce duk gidan da za a bayar haya na kwana 100 ko ƙasa da haka sai da izinin ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido, sai maƙwabtan bene sun yarda, har allo ake kafawa a ƙofa. Kai wa ya ba ka izini?

BAKANO: Gida ba fatoma, ga jikan fatake a ciki. Giɓi na gani na cike.

(Bayan baƙin sun yi darare biyu, wayar Malam ta yi ƙara.)

BAZAZZAGI: Ga shi nan. Mai gida ne. Ya ce tsohuwar da ke ƙasanmu ta kira shi, wai wani abu ya mutu a bututun hayaƙi.

BAKANO: Daddawar tawa? Ce masa maganin sanyi ne. A zuba mata a kwano.

BAZAZZAGI: Ya ce kuma ta turo masa hoton ƙofa. Takalma ƙafa tara.

BAKANO: Ce masa mu 'yan kasuwa ne, samfur ne.

BAZAZZAGI: Ya ce samfur da ɗinkin shumeka da taɓo?

BAKANO: Gwanjo muke sarowa.

BAZAZZAGI: Ya ce tsohuwar ta ga gwanjon yana saukowa sallar Asuba da ƙafafu a ciki.

BAKANO: Wannan tsohuwa ba ta barci ne?

BAZAZZAGI: Ya ce zaɓi biyu: ko su fita yanzu, ko a biya dala 15 kan kowane mutum na darare biyun da suka yi, sannan su fita.

BAKANO: Ina bambancin?

BAZAZZAGI: A na farkon da 'yan sanda.

BAKANO: Bakwai sau 15 sau 2, 210. Ni kuma na karɓi 150. Faɗuwar 60 ke nan, ban da garin masara. Malam, ka kawo 30.

BAZAZZAGI: Ni? Ni da na kwana a kujera?

BAKANO: Kujerar ma ban caje ka ba, saboda zumunci.

(Ranar tafiya, a filin jirgi. Malam ya ƙura wa waya ido, fuska a murtuke.)

BAKANO: Lafiya? Ko an yi rasuwa?

BAZAZZAGI: Mai gida ya rubuta shaida a kaina. Ba baƙo kaɗai ke ba gida maki ba, shi ma yana ba baƙo, kuma duk mai gidan da zan nema nan gaba sai ya karanta.

BAKANO: Me ya ce?

BAZAZZAGI: “Baƙi biyu masu fara'a, dukansu tara.”

BAKANO: To ai yabo ne. Da sunan wa aka rubuta?

BAZAZZAGI: Da nawa mana! Tauraro biyar ake bayarwa, ɗaya tak ya ba ni!

BAKANO: Haba Malam, kai da ilimi. Ɗaga kai ka dubi tutarsu can. Ƙasar gaba ɗaya ma tauraro ɗaya gare ta.